Jinjina ga Sandar da Ta Jingina Baya

Gyara kintsi! A buɗe hanya, a kau da yara, manyan gidaje uku za su wuce: gidan Windows, gidan Apple, da gidan Unix da magajinsa Linux. Duniya ta daɗe tana yaba musu kan kyan allo da saurin aiki, amma an tauye musu haƙƙi a kan bajintarsu mafi girma. Sun haura shekara 40 suna aiki dare da rana, ga injiniyoyi dubbai, ga dukiya ba iyaka, kuma duk tsawon wannan zamani sun tsare mutuncinsu, ba su taɓa zubar da girma sun haɗa baki a kan yadda za a rubuta adireshin fayil ɗaya tak ba. Wannan ba aikin ƙananan mutane ba ne.

Adireshin fayil shi ne jerin foldoji, wata cikin wata, har a iso kan takardar da ka ajiye. Abin da ake bukata kawai alama ce da za ta raba sunan wannan folda da na waccan. Ken Thompson da Dennis Ritchie, da suka fara gina Unix a Bell Labs ta Amurka a 1969, sun zaɓi sanda mai rusunawa gaba, wato /, suka wuce abinsu. Da kowa ya bi sahu, da magana ta mutu tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan, da kuwa duniya ta yi asarar abin kallo.

Sai Allah ya kawo Microsoft, mai gidan Windows, giwa mai tafiyar ƙasaita, wadda ba ta bin sawun kowa ko da sawun ya kai rijiya. A 1981 ta fito da MS-DOS don kwamfutar IBM, kuma a lokacin babu folda ko ɗaya, duk fayiloli a jibge suke wuri guda. Tunda sanda mai rusunawa gaba ba ta da aiki, sai aka naɗa ta wata sarauta, aka sa ta riƙa gabatar da zaɓin da ake maƙala wa umarni. A 1983 DOS 2.0 ya zo da foldoji, aka nemi alamar raba su, aka tarar an riga an yi wa sandar rawani. Raggon sarki zai tuɓe ta ya mayar da ita inda sauran duniya suka ajiye ta. Gidan girma ba ya tuɓe wanda ya naɗa. Aka lalubo 'yar'uwarta mai jingina baya, wato \, wadda Bob Bemer ya shigar cikin jadawalin ASCII a 1961 don wata bukata dabam, aka ɗora ta a karaga. Allah ya ja zamaninki, ta baya mai juya wa duniya baya, gimbiyar da aka naɗa don gudun gyaran rana ɗaya, ta kuma ba duniya aikin gyara na shekara 40!

Dubi kawaicin gidan nan kuma. Tun daga DOS 2.0 ɗin, can cikin ɗaki, manhajar tana karɓar sandunan biyu, kuma har yau Windows na karɓar ta gaba a wurare da yawa. Sai dai ba a ko'ina ba, kuma ba a yi shelar inda take karɓa da inda take ƙi ba. Haka ake tarbiyya: a bar bawa ya gano da kansa, ilimin ya fi zama.

Falalar wannan sanda ba ta tsaya nan ba. A harshen rubuta manhaja na C, da tarin harsunan da suka gaje shi, ita ce alamar da ke cewa harafin da ke biye ba harafi ba ne, umarni ne. Ɗalibi a Zariya ya rubuta C:\takardu\nawa cikin manhajarsa ta farko, kwamfuta ta ga \t ta buɗe fili, ta ga \n ta sauka sabon layi, ta miƙo masa "akardu" a sama da "awa" a ƙasa, ta ce ba ta san wannan gida ba. Maganin shi ne a ninka sandar, a rubuta biyu don a sami ɗaya, a wasu wurare ma huɗu ake jerawa. Wace alama ce a duniya take haihuwa haka? A Japan kuwa, lambarta ta 92 a jadawali ta faɗa kan alamar kuɗinsu, shi ya sa ma'aikacin ofis a Tokyo yake ganin alamar yen tsakanin foldojinsa, na Koriya ta Kudu yake ganin ta won. Kowane adireshi ya zama takardar kuɗi. Tubarkalla.

Riƙon amana kuwa, nan ake zuwa koyo. Ka taɓa tambayar abin da ya sa babban faifan kwamfutarka yake amsa sunan C, alhali shi ne na farko? Domin A da B kujerun faifan fulofi ne, al'adar da aka gado daga CP/M na Gary Kildall tun shekarun 1970. Fulofi ya riga mu gidan gaskiya, matasan yau ba su taɓa riƙe shi a hannu ba, amma kujerunsa biyu suna nan a share, ba mai zama. Filashinka kuma, da yake baƙo ne, yau sunansa E, gobe F, ya danganta da wanda ya riga shi shiga zaure, kuma duk manhajar da ta haddace adireshin jiya sai ta yi ta sallama a ƙofar da ba kowa.

Akwai sunayen da talaka ba ya raɗa wa fayilinsa, don na 'yan gida ne: CON, PRN, AUX, NUL, da COM1 zuwa COM9, da LPT1 zuwa LPT9. Sunayen na'urori ne na zamanin DOS, irin su firinta da ramukan jona waya na bayan kwamfuta, waɗanda yawancin kwamfutocin yau ba su da su. Ramukan sun tafi, haramcin ya zauna, kuma har yau Microsoft na gargaɗin a guje su ko da an maƙala musu jela irin .txt. A zamanin Windows 95 da 98, abin ya kai ga cewa idan aka sa kwamfuta ta nemi C:\con\con sai ta sume nan take, allo ya koma shuɗi. Wannan shi ne kwarjini: a ambaci sunan basarake sau biyu, gari ya tsaya cak. A da, masu rubuta Linux sun daɗe da wani fayil mai suna aux.c a cikin kayansu, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin sauke kayan a Windows ya ga yadda dogari yake tsare ƙofa.

Ga alamomi tara da aka haramta a cikin suna: < > : " / \ | ? *. Ɗaliba ta so ta kira fayilinta "Babi na 1: Gabatarwa", aka ce a'a. Akawu ya so ya rubuta kwanan wata da sanduna yadda ya saba a takarda, aka ce a'a. Alamar tambaya ma an hana, kuma daidai ne, ba a yi wa sarki tambaya. Tsawon adireshi gaba ɗaya kuma an yanke shi a harafi 260, har da C ɗin da ɗigonta biyu da wata alamar rufewa da ido ba ya gani. Mai tsara aikinsa da kyau, wanda ya buɗe folda ta shekara, a cikinta ta wata, a cikinta ta sashe, ya ba kowace cikakken suna, shi ne zai wayi gari da fayil ɗin da ba ya buɗuwa, ba ya kwafuwa, ba ya ma goguwa. Ladan tsari ke nan. A 2016 Windows 10 ta yi wa talakawa sassauci, ta ɗage iyakar, bisa sharaɗin mutum ya shiga kundin rajista ya kunna da hannunsa, kuma kowace manhaja ta shelanta cewa ta yarda. Kyautar manya ba a kan hanya ake tsintar ta ba. Sai kuma lu'ulu'un da ke tsakiyar rawani: a Windows mai bit 64, foldar da ake kira System32 ita ke ɗauke da kayan 64, wadda ake kira SysWOW64 ita ke ɗauke da na 32. Duk mai cewa wannan ruɗani ne bai san sirrin fada ba.

Kada gidan Apple ya ga an daɗe a ƙofar maƙwabci. Ranka ya daɗe, farin gida mai farar aniya, mai tsada ba don kowa ba! Shi da ya fito da kwamfutarsa ta Mac a 1984 bai ɗauki ta gaba ba, bai ɗauki ta baya ba, ɗigo biyu ya zaɓa, wato :, don kada a ce ya yi koyi da wani. A 2001 ya sake gini a kan harsashin Unix, ta gaba ta shigo gidan, kuma da yake ba a korar uwargida don an yi amarya, sai aka raba musu kwana. Ka sa / a sunan fayil ta tagar Finder, ya karɓa da fara'a, ka leƙa ta ƙasa inda ake buga umarni, ka tarar ya rubuta : a wurin. Fayil ɗaya, suna biyu, kowane ɗaki da wanda ake kiransa.

Tun 2007 gidan yake riƙe da takardar shaidar cewa shi cikakken Unix ne, da hatimi da komai, abin da yawancin rassan Linux ba su taɓa nema ba. Duk da haka, yadda ake sayar da shi, bai san bambancin babban baƙi da ƙarami ba, Rahoto da rahoto duk ɗaya ne a wurinsa, kamar dai a Windows. Tsarin faifansa na HFS+, na 1998, ya zo da wata hikimar: idan ya ga harafi mai alama a ka, irin é, sai ya raba shi biyu, e dabam, alamar dabam, ya ajiye. Ido ba zai gane ba. Ma'aikaci a Maraɗi ko Damagaram, da ke rubuta sunayen takardunsa da Faransanci, ya tura Décision.pdf daga Mac zuwa kwamfutar Linux, sai a wayi gari da fayil biyu a folda ɗaya, suna iri ɗaya harafi da harafi, kwamfuta kuma ta rantse ba su da dangantaka. An sauya tsarin faifan a 2017, amma tagwayen da aka haifa kafin nan suna nan da ransu. Karamcin gidan kuma ba ya misaltuwa: ba ya barin filashinka ya fita hannu wofi, sai ya cusa maka .DS_Store da wasu 'yan fayiloli masu fara da ɗigo, ya ƙara da folda mai suna __MACOSX a cikin zip, tsaraba ga mai Windows da bai san me zai yi da su ba. A ƙarshen 2001 manhajar girka iTunes 2 ta manta cewa sunan faifai na iya ƙunsar fili tsakanin kalmomi, ta share wa wasu mutane faifansu ƙaf. Fili ɗaya, wanda ba komai ba ne face rashin harafi, ya ci aikin shekaru. Wa ya isa ya yi wannan in ba gwani ba?

Linux kuwa, kainuwa dashen Allah, ɗan sarkin da ya ƙi rawani, shi nasa girman a sakin linzami yake. Abu biyu kacal ya hana a suna: sandar gaba, da bayit ɗin sifili. Saura duk halal. Kana so ka sa sabon layi a tsakiyar sunan fayil? Bismilla. Kana so sunan ya fara da karan ɗori, ta yadda umarnin gogewa zai ɗauke shi a matsayin ƙarin umarni? Ba mai hana ka, ai kai baligi ne. Shi yana bambanta babban baƙi da ƙarami har iyakar bambantawa, shi ya sa matashi a Kano zai gina shafin intanet a kwamfutarsa ta Windows, komai ya fito tsaf, ya ɗora a sabar da ke aiki da Linux, hotuna su ɓace, ya kwana yana nema, ashe ya ajiye Hoto.JPG ya kira hoto.jpg. A cikin kayan Linux kansa akwai xt_DSCP.c da xt_dscp.c zaune a folda ɗaya, fayiloli biyu mabambanta, waɗanda idan suka isa Windows ko Mac sai ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Wannan gida ya fi kowa girmama kakanni, har tuntuɓensu yake mayarwa sunna. Masu bin tarihin Unix sun ruwaito cewa a farkon shekarun 1970 faifan farko ya cika, sai aka kwashe ragowar manhajoji zuwa faifai na biyu inda masu amfani ke ajiye kayansu. Daga nan aka sami /bin da /usr/bin. Faifai ya yi girma ninki dubbai, amma rabon ya zauna, aka rubuta masa dokoki, malamai suka yi ta sharhin hikimar da ke ciki, sai a 2012 reshen Linux mai suna Fedora ya haɗe su, wasu rassan kuma suka ƙara shekara goma suna shawara. Ɓoye fayil mai fara da ɗigo ma, in ji Rob Pike wanda ya yi aiki a Bell Labs, gajeriyar hanya ce da wani ya bi wajen rubuta umarnin jera fayiloli, ta ɓoye fiye da abin da aka nufa. Yau kowace manhaja tana haƙa raminta mai ɗigo a tsakar gidan mai kwamfuta. An fito da ƙa'idar XDG tun 2003 don a tattara su wuri guda, wasu suka bi, wasu suka ƙi, aka sami wurare biyu na nema maimakon ɗaya. A Janairun 2015 wani layi guda a manhajar wasanni ta Steam ya tashi goge foldarsa, adireshin ya zo fanko, saura sandar gaba ita kaɗai, wadda a Linux take nufin tushen komai. Ya fara daga tushe, ya share duk abin da mai kwamfutar ya mallaka, har da faifan ajiya da ke jone. Biyayya ke nan, ba musu, ba waiwaye.

To ina malaman fada, masu rubuta ƙa'ida? Suna nan, Allah ya ƙara musu yarda. A 1988 hukumar IEEE ta fito da POSIX don manhaja ta riƙa aiki a kowane gida ba tare da an sake ta ba. Gwamnatin Amurka ta sa shi cikin sharuɗɗan sayen kwamfutocinta. Microsoft, mai biyayya ga hukuma, ta gina wa Windows NT na 1993 wani ɗan ɗaki na POSIX, wanda manhajar da ke cikinsa ba ta iya zana taga a allo, ba ta iya magana da wata kwamfuta. Sharaɗi ya cika, takara ta buɗe, kuma da Windows XP ta zo a 2001 aka rushe ɗakin ba tare da an ji kukan kowa ba. Samun mai cika doka irin haka, wanda bai bar doka ta taɓa ko gefen rigarsa ba, sai an tona. POSIX ɗin ma ya san darajar manya: ya ce adireshin da ya fara da sanda ɗaya tushe ne, wanda ya fara da uku ko fiye shi ma tushe ne, amma wanda ya fara da biyu cif, kowane gida ya fassara yadda ya ga dama.

Ƙa'idar zip ta faɗa ƙarara cewa sandar gaba kaɗai za a sa a ciki. Kayan aikin .NET na Microsoft suka yi ta sa ta baya har zuwa 2015, mai Linux ya buɗe ƙunshin ya ga babu folda ko ɗaya, sai dogayen sunaye masu sanduna a ciki. A Disambar 2014 aka gano cewa Git, rumbun da masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu, yana tsare foldarsa ta .git da kyau, amma ɓarawo zai iya zuwa da sunan .Git, Windows da Mac su ce ai duk ɗaya ne, su buɗe masa. Amma kambun ya tafi ga ƙa'idar HTML. Idan ka zaɓi fayil don ɗorawa a shafin intanet, ƙa'idar ta umarci burauza ta gaya wa shafin cewa fayil ɗin yana C:\fakepath\, folda ce da babu ita a ko'ina a doron ƙasa, kuma haka za a faɗa ko a Mac kake, ko a Linux, ko a wayar da ba ta taɓa sanin C ba. An yi haka ne don tsofaffin shafukan da suka saba ganin adireshin Windows kada ransu ya ɓaci. A nan ne kaɗai gidajen uku suka yi magana da murya ɗaya, kuma a kan adireshin ƙarya suka haɗu. Barkanku da zumunci!

Mu ma Hausawa ba a manta da mu a rabon alheri ba. Linux ya ba sunan fayil bayit 255, kuma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne bayit biyu yake ci, haka ma yawancin baƙaƙen ajami, wato an auna haruffanmu an ga sun ninka na Turawa nauyi. Idan sunan ya ratsa ta tsohuwar manhaja, ƙ takan fito a matsayin Æ™, da tambarin kasuwanci a kafaɗarta, ɗ ta zama É—, ko kuma a maye gurbinsu da alamar tambaya, wadda Windows ta riga ta haramta, fayil ɗin ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗan apostirofin da ke cikin "ma'aikata" da "'yan makaranta" kuwa, a wurin buga umarni na Unix alama ce ta buɗe zance, kwamfuta ta gan shi ta zauna jiran a rufe, har abada. Mai shagon buga takardu a bakin jami'a bai karanta POSIX ba, amma ya daɗe da haddace hukuncinsa: yana karɓar filashin ɗalibi zai goge lanƙwasar ƙ, ya cire apostirofi, ya datse sunan, sannan ya buga. Ɗalibin da ya sha wahalar koyon rubuta harshensa daidai ya koma gida da darasin cewa daidai ɗin ne matsala. Manyan gidaje sun yi gini, shi kuma an ba shi girman ɗaukar ƙasa.

Ga mai son fayilinsa ya ratsa gidajen nan lafiya, POSIX ya yi masa tanadi tun tuni. Ya jera haruffan da aka amince su shiga ko'ina: manyan baƙaƙen Ingilishi 26, ƙanana 26, lambobi 10, sai ɗigo, da karan ɗori, da karan ƙasa. Jimilla 65. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ.